Fitilar da ke kashe ido: yadda masana ke kai daren titi cikin ɗakin gwaji



Duk wanda ya taɓa riƙe sitiyari da dare a titin da babu shinge tsakanin masu tafiya da masu dawowa ya san abin da zan yi magana a kai yau. Mota ta ɓullo daga nesa da fitilunta biyu, tana matsowa suna ƙara ƙarfi, har a kai inda direba ba ya ganin komai sai su. Gefen titi ya ɓace, ramin da ke gaba ya ɓace, mai keken da ke tafe a hannunsa shi ma ya ɓace. Sai ya ɗaga ƙafa daga totur, ya ƙanƙance ido, ya bi hanya da ƙiyasi har motar ta gifta. Mu dai cewa muke yi fitila ta kashe masa ido. To akwai masanan da suka shafe shekaru suna neman yadda za su haifar da wannan kashe idon da gangan, a cikin ɗaki, inda ba a mutuwa, domin su auna shi. Aikin kuwa ya ba su wuya fiye da yadda kowa ya zata.

Na'urar da suke aiki da ita ita ce ta kwaikwayon tuƙi. Mutum zai zauna a kujerar mota, ga sitiyari ga birki ga totur, a gabansa kuma allo ne da kwamfuta ke zana titi a kai. In ya murza sitiyari titin ya karkata, in ya taka birki komai ya tsaya. Akwai ƙanana da ake ɗorawa a tebur, akwai kuma manya. Kamfanin Daimler-Benz ya buɗe tasa a Berlin tun 1985. A Jami'ar Iowa ta Amurka akwai wadda ta fara aiki a 2001, da ta ci kusan dala miliyan 80: ƙubba ce mai faɗin ƙafa 24, ana saka mota sukutum a cikinta, injuna suna tura ta gaba da baya suna karkata ta, har jikin direba ya ji kwana da birki kamar a titi.

Dalilin kashe wannan kuɗi a fili yake. Ba wanda zai ɗauki dattijo mai yanar ido ya sa shi gudun kilomita 100 a awa, ya haske masa fuska, sannan ya turo mutum ya tsallaka titi don a ga ko zai taka birki a kan lokaci. Ban da haka, a titi ba a samun dare biyu iri ɗaya, shi kuwa bincike yana son a maimaita abu guda ga mutane da yawa ba tare da komai ya sauya ba.

Da rana waɗannan na'urori suna yin abin a yaba. Da dare ne asirinsu ke tonuwa, kuma laifin na allo ne.

Ana auna ƙarfin haske da kandela, wadda asalinta hasken kyandir ɗaya ne. Allon kwamfuta na yau da kullum yana ba da kandela 250 zuwa 400 a murabba'in mita. Titin birni mai fitilun gefe, da dare, kwaltarsa ba ta wuce kandela ɗaya ko biyu. Titin daji ya yi ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Fitilar mota kuwa, in ka dube ta gaba da gaba, dubbai ne bisa dubbai, a tsakiyar ƙwan ma miliyoyi. Allo ba shi da wannan ƙarfi. Yana da iyakar farinsa, in ya kai nan ya tsaya, saboda haka farar riga da fitilar tirela fari ɗaya yake ba su. Ta ɗaya ɓangaren ma haka ne: baƙin allo ba baƙi ba ne, toka-toka ne, don hasken da ke bayansa yana yoyo. Ga shi bai kai hasken fitila ba, ga shi bai kai duhun dare ba. Direban da ke cikin irin wannan na'ura yana kallon fitilun mota mai zuwa idonsa tar, yana ganin mai tafiya a ƙafa sarai. Gwajin da aka yi a haka zai ce tuƙin dare ba shi da wata wahala, kuma ƙarya ce mai haɗari, domin tana fitowa da lambobi da sa hannun masana.

Kafin mu ga yadda aka ɓullo wa matsalar, sai mun fahimci inda kashe idon yake faruwa, domin a nan gizo ke saƙa. A cikin ido yake faruwa. Haske in ya shiga ido yana ratsa fatar gaba, ya bi ta ƙofar da ke tsakiyar baƙin ido, ya ratsa wani ɗan madubi na halitta, sannan ya sauka a bangon baya inda jijiyoyin gani suke. Waɗannan sassa ba garau suke ɗari bisa ɗari ba. Wani kaso na hasken yana watsewa a hanya, ya bazu a kan bangon nan gaba ɗaya. Ka tuna lokacin da kake kwance cikin gidan sauro da dare kana ganin ɗaki ta cikinsa, sai wani ya haska tocila a jikin ragar: ragar ta yi fari, abin da ke bayanta ya ɓace, alhali yana nan inda yake. Haka hasken da ya watse ke yi wa direba, sai dai shi ragar a cikin idonsa take. Mutumin da ke gefen titi sanye da baƙaƙen kaya dama da kyar ya bambanta da duhun da ke bayansa. Da wannan labulen haske ya sauka, ɗan bambancin ya tafi.

Wani Ba'amurke mai suna Holladay a 1926, da wani Bature ɗan Ingila mai suna Stiles a 1929, su suka fara sa wa abin lissafi, kuma har yau da sunansu ake kiran ƙa'idar. Ta ce kaurin labulen yana ƙaruwa da yawan hasken da ya faɗa ido, yana kuma raguwa sosai da nisan fitilar daga inda kake kallo. In fitilar ta matso kusa da saitin idonka da rabi, labulen ya ninka sau huɗu.

Ina so mu ɗan dakata a nan, don wannan lissafi yana bayyana wani abu da direbobi suka sani a jikinsu. Mota tana nesa, haskenta da ke iso ka kaɗan ne, amma tana daidai saitin idonka. Tana matsowa hasken na ƙaruwa, amma tana komawa gefe. Abubuwan biyu suna kusan cinye juna, shi ya sa wahalar ba ta daƙiƙa ɗaya ba ce, tana ɗaukar dogon zango. Abin da ke rage ta da gaske shi ne tazarar da ke tsakanin hannun masu tafiya da na masu dawowa. In aka ninka tazarar, labulen ya koma kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Wanda ya bi hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano a shekarun da ake aikinta, lokacin da ake rufe hannu ɗaya a haɗe motoci duka a ɗayan, ya ɗanɗana wannan. Fitilun ba su sauya ba, matsowa kawai suka yi.

Sai kuma shekaru. Madubin ido yana dusashewa da tsufa, kuma hasken da ke watsewa a idon mai shekara 65 zuwa 70 ya kai ninki biyu na saurayi, ko da lafiyarsa ƙalau. In yanar ido ta fara, abin ya wuce haka. Bayan motar ta gifta ma ba a gama ba, don jijiyoyin da suka sha haske sai sun ɗauki lokaci kafin su koma ganin duhu, kuma na dattijo sun fi jinkiri. Mai gudun kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda. Daƙiƙa uku na rashin gani sun haura mita 80.

Masana sun raba abin gida biyu. Akwai hasken da ke damun mutum, ya sa shi kau da kai, akwai kuma wanda ke hana shi gani. Na farko ana auna shi da tambaya, bisa ma'aunin da wani ɗan ƙasar Holan mai suna de Boer ya fitar a 1967, daga 1, wato ba ya jurewa, zuwa 9, wato da kyar ake lura da shi. Na biyu sai an gwada abin da mutum ya gani da wanda ya kuɓuce masa. Ba kullum suke tafiya tare ba. Fitilun LED masu fari mai ratsin shuɗi sun fi tsofaffin masu ɗorawa-ɗorawa damun ido ko da ƙarfinsu ɗaya ne, amma bincike ya nuna hana ganin ya fi bin yawan hasken, ba launinsa ba. Mutum zai iya cewa shi fitila ba ta dame shi ba, alhali ta ɓoye masa yaro a bakin titi. Wannan ne ya sa tambayar direba kaɗai ba ta wadatar.

To yaya za a yi da allon da ba shi da ƙarfi? Dabara ta farko ta masu zanen kwamfuta ce. A 1990 Eihachiro Nakamae da abokan aikinsa na Jami'ar Hiroshima a Japan suka fitar da hanyar zana haske musamman don na'urorin tuƙi, har da tartsatsin da ke fita daga fitila da ƙyallin jiƙaƙƙiyar kwalta. A 1995 wasu masana a Jami'ar Cornell ta Amurka suka ƙara gyara ta bisa yadda idon ɗan Adam ke watsa haske. Tunaninsu shi ne, tunda allo ba zai iya sa ido ya watsa haske ba, bari a zana watsuwar a kan allon: a kewaye fitilar da farin hazo da tsirkiyoyi. Dabarar tana aiki, ƙwaƙwalwa tana yarda cewa fitilar ta fi yadda take haske, kuma da ita ake yin wasannin kwamfuta da finafinai har gobe.

Sai dai ga mai bincike ba ta kai ba. Ƙofar ido ba ta tsukewa yadda take yi a titi, jijiyoyi ba su sha haske ba balle su nemi lokacin farfaɗowa. Babbar illar kuma ita ce hazon da aka zana ɗaya ne ga kowa. Saurayi mai shekara 20 da kakansa mai yana za su ga abu guda, alhali tambayar da aka shiga ɗakin don amsawa ita ce bambancin da ke tsakaninsu. A ganina duk wani sakamako kan tuƙin dare da aka samo da zanannen haske, a riƙe shi da taka-tsantsan.

Saura hanya ɗaya ke nan: a kawo haske na gaske a jefa shi cikin ido na gaske. A Boston, a cibiyar binciken ido ta Schepens da ke da alaƙa da Jami'ar Harvard, Alex Hwang da Eli Peli sun wallafa yadda suka yi nasu a 2013. Sun jera ƙananan ƙwayayen LED masu ƙarfi a wani faifai, suka rataye shi sama, suka kuma gindaya wani gilashi a karkace tsakanin direba da allo. Gilashin yana barin hoton titi ya ratso, yana kuma dawo da hasken ƙwayayen zuwa idon direba, sai ya ga kamar daga jikin allon hasken ke fitowa. Kwamfuta tana bin motar da aka zana, duk inda fitilarta ta kai sai ƙwan da ke daidai wurin ya kama, na baya ya mutu, ƙarfin kuma yana hawa yana sauka bisa abin da aka auna a fitilar mota ta gaske.

A Toronto ta Kanada, a cibiyar farfaɗo da marasa lafiya, sun bi wata hanyar. Na'urarsu mai suna DriverLab tana ɗauke da cikakkiyar mota ƙirar Audi, tana fesa ruwa na gaske a gilashin gaba, sannan fitilu na gaske da injuna ke motsawa suna bin motocin da ke cikin hoton. A garin Aalen na Jamus kuma, ƙungiyar likitan ido Ulrich Schiefer ta kula da ɓangaren duhun: sun yi amfani da majigin Zeiss irin wanda ake nuna taurari da shi, saboda baƙinsa baƙi ne ƙirin, suka haɗa da fitilun da ake ja da igiyoyi a gaban direba.

Kowace hanya da ciwon kanta. Dole hasken ya zauna daram a kan motar da aka zana ko da direba ya motsa kai, in ba haka ba ya ga fitila na yawo ita kaɗai. Dole ya tafi lokaci ɗaya da hoton, ba jinkiri. Dole a hana shi fallatsa a kan allon, don in ya wanke hoton, to na'ura ce ta ɓoye mai tafiya a ƙafa, ba idon direba ba, gwaji ya lalace ke nan. Kuma fitilar mota ba ko'ina take zuba haske daidai ba: gajeriyar wuta an yanke ta daga sama, an karkata ta zuwa gefen titi, saboda haka abin da ke shiga idonka yana sauyawa da tudu da gangare da kwana. Duk wannan sai an koya wa kwamfuta.

Da aka samu kayan aiki, sakamako ya fara fitowa. Ƙungiyar Boston ta wallafa wani gwajin farko a 2018, inda direbobi ke danna hon da zarar sun hango mai tafiya a ƙafa. Hasken mota mai zuwa ya jinkirta su, jinkirin kuma ya fi yawa ga masu yanar ido. Wannan ya yi daidai da abin da Joanne Wood da abokan aikinta suka daɗe suna gani a Brisbane ta Ostareliya, inda suke gwaji da motoci na gaske a rufaffen titi da dare. Su ne ma suka nuna cewa in aka ɗaura abin ƙyalli a gaɓoɓin da ke motsi, wuyan hannu da idon sawu da gwiwa, direba yana gane mutum ne daga nesa fiye da in riga mai ƙyalli kaɗai ya sa. Daidaituwar ɗaki da titi ita ce ke ba na'urar daraja. In ba a gwada ta da titi ba, ba a san abin da take aunawa ba.

Abin da ya sa ake ta wannan ɗawainiya yanzu shi ne fitilu sun sauya. Ƙwan halojin ya shigo a 1962, na zenon a 1991 a motar BMW, LED kuma ya bazu daga wajen 2007. Motoci sun ƙara tsayi, fitilunsu sun hau saitin idon mai ƙaramar mota. A Amurka kusan rabin mace-macen titi da dare suke faruwa, alhali tafiyar dare ba ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba, kuma kusan uku cikin huɗu na masu tafiya a ƙafa da ake kashewa cikin duhu ne. A Birtaniya ƙungiyar masu motoci ta RAC ta ba da rahoto a 2024 cewa kashi 89 cikin 100 na direbobin da ta tambaya suna ganin aƙalla wasu fitilun sun yi ƙarfi da yawa. Kamfanoni sun fito da fitila mai lura da mota mai zuwa ta kashe ɓangaren da zai shiga idon direbanta, kamar wadda Audi ta sa a motarta A8 a 2013, Amurka kuma ta halatta irinta a 2022. Sanin ko tana sauƙaƙa wa dattijo kamar yadda take sauƙaƙa wa saurayi, aikin irin waɗannan ɗakunan gwaji ne.

Mu kuma fa? Abin ya shafe mu kai tsaye, ta wajen ido da ta wajen titi. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna yanar ido ce kan gaba wajen makantar da mutane, kusan kashi 43 cikin 100. Kafin ta kai ga makanta kuwa tana shafe shekaru tana taruwa, kuma a waɗannan shekarun mutum na tuƙi. Gwajin idon da aka saba yi, na karanta baƙaƙen haruffa a farin allo cikin ɗaki mai haske, mai yana sabuwa zai iya cinye shi lafiya lau, ya fita da dare fitila ɗaya ta rufe masa titi. Direbobinmu na dogon zango da yawa dattawa ne, masu iyali, waɗanda sana'ar ce abincinsu. Ba kore su daga sitiyari nake kira a yi ba. Aikin yanar ido gajere ne, ana yin sa a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da asibitocin ido na Kano da sauran garuruwa, kuma yana rage watsuwar hasken ƙwarai. Direban da dare ya fara gagararsa ya je a duba shi, ya kuma faɗa wa likita a fili cewa fitila ce ke kashe masa ido, don kada a tsaya a karatun haruffa.

Ta wajen titi kuwa, abin da aka zana a Boston da Aalen titinsu ne: farin layi a gefe, alamomi masu ƙyalli, fitilun da aka daidaita bisa doka. Namu daban yake. Akwai mai tafiya da ful daga tasha har tasha ba ya yin dim. Akwai sandunan LED da ake ƙara wa tirela da babur ba tare da saiti ba, da ƙwan LED da ake cusawa a gidan fitilar da aka ƙera don halojin, sai hasken ya fantsama sama. Akwai motocin da aka sauya wa sitiyari daga dama zuwa hagu aka bar fitilunsu na asali, waɗanda aka ƙera don masu bin hannun hagu. Tunda mu dama muke bi tun 1972, haskensu cikin idon mai zuwa yake karkata. Ga gilashin gaba da yashi ya kankare, ga hazon hunturu, kowanne yana ƙara nasa labulen a kan na ido.

Irin na'urar Boston ba ta bukatar dala miliyan 80. Kwamfuta ce, da allo, da faifan ƙwayaye, da gilashi, da abin auna haske, sai ilimin haɗa su. Zariya tana da Cibiyar Fasahar Sufuri ta Najeriya da Jami'ar Ahmadu Bello, Kaduna mai cibiyar ido tana kusa. Injiniya da likitan ido za su iya zama tare su zana titin da direbanmu ke bi, su auna fitilun da ke yawo a kansa, su zaunar da direbobin tasha masu shekaru daban-daban. Abin da zan so a fara gwadawa shi ne tirelar da ta mutu a tsakiyar hanya ba fitila, an jera ganye a bayanta, ga wata motar na tahowa da ful: daga mita nawa saurayi ke hango ta, daga mita nawa mai shekara 60, kuma mita nawa za a ƙara in an liƙa mata tef mai ƙyalli. Da lambobi irin waɗannan hukumar kiyaye haɗurra da ƙungiyoyin direbobi za su san abin da za su fara tilastawa, saitin fitila ne, ko tef, ko gwajin ido.